Rijiyar da kowa ke sha, babu mai yasa

Wata ranar Asabar da yamma ɗan yayata ya shigo gidana rungume da kwamfutarsa, fuska a murtuke. Aikin wucin gadi ya samu na tattara bayanan gidaje, kuma ranar Litinin zai miƙa rahoto. Ya buɗe mini fayil ɗin ya ce, "Kawu, duba abin da ya same ni." Duk inda aka rubuta Ɗanja ya koma ÆŠanja, duk ƙaramin ƙ ya rikiɗe ya zama Æ™. Layi sama da dubu. Har ya fara gyarawa da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Ya riga ya kai kuka wani dandalin tambaya da amsa na masu amfani da manhajar. Ga abin da ya rubuta da Turanci, in na fassara: "Ba ya aiki, a taimaka da gaggawa." Ba wanda ya kula shi. Muka zauna muka sake rubutawa. Muka faɗi sunan manhajar da lambar fitowarta, da irin kwamfutar, da inda fayil ɗin ya fito, muka manna layi uku na rubutun da ya lalace, muka ce ga abin da ya kamata ya fito. Kafin mu idar da sallar isha'i wani bawan Allah, ko ƙasarsa ba mu sani ba, ya ba da amsa a jimla biyu: fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, wajen buɗewa ne ba a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 ba. Aka zaɓa, ƙugiyoyi suka dawo. Yaro ya rufe kwamfuta zai tashi. Na ce masa, zauna, ba ka gama ba.

Buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka saki asalin rubutunta kowa ya duba, ya gyara, ya raba, ta riga ta shiga rayuwarmu ko mun sani ko ba mu sani ba. Wayar Android a kan Linux aka gina ta, wato babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Finlan. Alƙaluman asibitocin gwamnati a Najeriya da Nijar da Gana suna bi ta DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa. Matasan da ke yawo gida-gida da waya suna cike fom galibi da ODK ko KoboToolbox suke aiki. Amma a ƙasan lasisin mafi yawan irin waɗannan manhajoji akwai wata magana da manyan baƙaƙe da ba mai karantawa: an ba ka ita yadda take, babu garanti. In ta ƙi, babu lambar da za ka buga ka yi wa wani tsawa. Sai dai ka je inda masu amfani da ita ke taruwa, ka yi sallama.

Ra'ayina shi ne mun ɗauki waɗannan wurare tamkar kanti, alhali gayya ce. Mai kanti ka biya shi, dole ya saurare ka. A gayya kuwa, wanda ya zo gonarka da fartanyarsa yana sa ran ganinka a tasa. Mutumin da ya amsa wa ɗan yayata bai karɓi ko sisi ba. Abin da ya sa ya ɓata lokacinsa shi ne amsar za ta zauna a fili, wani ya zo bayan shekara biyar ya tsince ta. A kan wannan tunanin Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, a 2008, aka buɗe irinsa mai suna Ask Ubuntu a 2010: a yi tambaya sau ɗaya, a amsa ta da kyau, jama'a su jefa wa amsa mafi inganci ƙuri'a ta hau sama. Shi ya sa ake rufe tambayar da aka taɓa yi, shi ya sa kuma "a taimaka da gaggawa" ba ta samun kowa. Gaggawarka taka ce. Su rumbu suke cikawa.

Ba ina wanke su tas ba ne. Akwai wulaƙanci a waɗannan wurare, kuma na gaske. Sabon shiga zai yi tambaya da iyakar Turancinsa, a zubo masa ƙuri'un ƙi, wani ya ce masa ya je ya karanta littafin bayani, shi ke nan. Kamfanin Stack Overflow da kansa ya amsa a 2018 cewa shafin ba ya karɓar baƙi hannu bibbiyu. Ga kuma harshe. Akwai reshen shafin da Fotugis, da Rashanci, da Sifaniyanci, da Japananci, babu ko ɗaya da wani harshen Afirka. Yaron da ya tashi da cewa matambayi ba ya ɓata, in aka gwale shi sau ɗaya a gaban duniya, ba zai koma ba. Ban ga laifinsa ba.

To ina yake komawa? Zauren WhatsApp na abokan aiki. Can za a amsa masa da Hausa, cikin raha, sau da yawa da saƙon murya. Daɗi kam akwai. Sai dai amsar tana nutsewa ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure, Google ba ya ganinta, kuma ranar da waya ta cika aka share, ta tafi. Bayan wata biyu wani ya sake yin tambayar, gwanin zauren ya sake amsawa, har ya gaji ya yi shiru. Na tabbata matsalar ƙugiyar nan an warware ta sau ba adadi a wayoyin Hausawa, amma da wuya ka sami bayaninta a rubuce da Hausa inda baƙo zai gani.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, tambayoyin da ake kaiwa Stack Overflow suka yi ƙasa warwas. Dalilin a fili yake: na'ura ba ta gwale mutum, ba ta barci, kuma takan gane ko da gurguwar tambaya ce. Ni ma ina amfani da ita. Amma a ina ta koyo? Kaso mai yawa daga amsoshin da 'yan sa-kai suka shekara da shekaru suna rubutawa a fili. Hirarka da ita kuwa tsakaninku ce, ba ta ƙara wa rumbun komai. In sabuwar fitowar wata manhaja ta zo da sabuwar matsala, dole wani ɗan Adam ya fara cin karo da ita, ya warware, ya rubuta. Kuma na'urar takan ba da amsar ƙarya da cikakken ƙarfin hali, abin da ya sa masu kula da Stack Overflow suka hana manna amsoshinta tun Disambar 2022. A dandali, in wani ya ba ka umarnin da zai share maka faifai, wani zai zo ƙasa ya yi gargaɗi. Kai kaɗai da na'ura, babu mai ja maka riga.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hukumomi da ƙungiyoyi. Za a rubuta kasafin aiki na miliyoyi, a sa kuɗin otal da na taro da na buga riguna, a zo layin manhaja a rubuta sifili, wai ai kyauta ce. Ranar da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ta tsaya, sai a tura ƙaramin ma'aikaci ya je ya roƙi baƙi a intanet. Alhali tallafi abin saye ne. Kamfanin Red Hat da sayar da tallafin Linux ya girma har IBM ya saye shi dala biliyan 34 a 2019. Ba sai an je can ba ma: albashin ƙwararre ɗaya a Kano ko Damagaram, wanda aka sa masa cikin aikinsa ya riƙa amsa tambayoyi a fili yana rubuta su da Hausa, bai kai kuɗin taron bita guda ba.

Wanda yake ganin gajiyar 'yan sa-kai ba ta shafe shi ba, ya tuna abin da ya faru da xz. Ƙaramar manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, kuma mutum ɗaya, Lasse Collin, ya daɗe yana riƙe da ita ba albashi. Wasu suka yi ta matsa masa da ƙorafin yana jan ƙafa, har ya raba ragamar da wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a ciki. Allah ya sa a Maris 2024 injiniya Andres Freund ya lura shiga wata na'ura na ɗaukar ƙarin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona. Ƙorafin masu cin bulus, ko na gaske ko na shiri, shi aka yi makami da shi.

Abin da na sa ɗan yayata ya yi a daren nan bai kai minti biyar ba. Ya koma ya danna alamar cewa amsar ta yi aiki, ya rubuta inda ya sami wurin zaɓen UTF-8 ɗin, ya ƙara da cewa haruffan Hausa ne masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, don mai nema ya same su. Ya yi ta gunaguni wai datarsa ta kusa ƙarewa, sai da na kunna masa tawa. Da zai fita na ce ya fassara bayanin da Hausa ya sa a shafinsa na Facebook a buɗe, ba a zauren abokan aiki kaɗai ba. Ya ce, "To Kawu, gobe in sha Allah." Mako uku ke nan ina leƙa shafin.