Ganyen da Ba a Miya da Shi

A Damagaram, garin da ake sammakon layin famfo da bido a hannu, ni na tashi na sayo tsiron da ba ya rayuwa sai da danshi. Fujer ake ce masa. A harabar wani otal a Yamai na gan shi, ganye ya zubo kore shar, na ba mai lambu jika biyu ya sa mini wani a tukunya. Tafiyar kusan kilomita 900 ce, ta Doso da Konni da Maradi, kuma a cinya na riƙo shi har gida.

Hajiya ce ta fara yi masa tambayoyi.

"Ana miya da shi?"

"A'a, Hajiya."

"Yana 'ya'ya?"

"Ba ya yi."

"To fure fa?"

Nan ma babu. Na yi mata bayani cewa fujer ba ya fure, ba ya ƙwayar iri. Wani gari mai laushi ne ke fita daga bayan ganyensa, iska ta kwasa, in ya faɗa wuri mai laima ya tsiro. Don in ɗaga darajarsa na ƙara da cewa danginsa sun haura shekara miliyan 300 a duniya, kuma nau'insu ya fi 10,000.

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Duk shekarun nan bai koyi sana'a ko ɗaya ba?"

Ga shi da iyayi. Rana ta taɓa shi, ya ƙone. Ƙasarsa ta bushe, ya yi fushi. Ruwa ya kwanta a gindinsa, saiwa ta ruɓe, shi ya sa dole tukunyar ta kasance da huda. Da hunturu ya shigo da busasshiyar iskarsa, bakin ganyen ya koma ja, balle bazara da zafi ke wuce digiri 40. Sai na kai shi inuwar rumfa, gindin randa, inda raɓarta ke sanyaya wurin. Na ɗora tukunyar kan faranti mai tsakuwa da ruwa, ina fesa masa safe da yamma. Ga-ruwa da ya ga bido ya ƙaru, har barka ya yi mini, wai ko an samu ƙaruwa a gidan.

Ya fara murmurewa ke nan, uwargida ta hango ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa jere a bayan ganyen. Ta ce ƙwari ne, ta zauna da toka da tsumma ta goge su tas. Ɗigon nan kuwa su ne ma'ajiyar garin da yake haihuwa da shi. "Maigida, na yi maka maganinsu," in ji ta, tana jiran godiya. Na gode mata. Ya zan yi?

Wani almajiri ne ya ƙarasa ni. Ya leƙo ya gan ni durƙushe bayan randa, ina fesa ruwa ina motsa baki. Lissafin kuɗin ga-ruwa nake yi, Allah shaida. Kafin Juma'a labari ya tashi daga unguwar Birni ya kai unguwar Zango, wai na kawo ganyen asiri daga Yamai. Hujjarsu ma ba ta da sauƙin karyawa: wane mai hankali ne zai sayi ruwa a garin nan ya ba abin da ba a ci?

Sai mata suka fara zuwa gaishe da Hajiya, har waɗanda rabonsu da gidanmu tun bikin aurena. Kowace ta fita da ganye ɗaya ƙulle a haɓar zane. Kan ka ce kwabo fujer ya koma kamar figaggiyar kaza.

Ina shirin sa masa shinge, sai ga maƙwabciyarmu da ƙwaryar fura, bakinta har kunne. Ta sa ganyen ƙarƙashin matashi, washegari maigidanta da ya daɗe shiru a Agadas ya aiko da kuɗi.

Nan take Hajiya ta sa yaro ya kinkimi tukunyar zuwa ƙofar ɗakinta.

Na ce, "Hajiya, ke fa kika ce ba shi da sana'a."

Ta ce, "Kai dai ka ci gaba da biyan ga-ruwa. Ganye ɗaya dala ashirin ne."