Tallafin haya a Ingila ba ya kai kuɗin hayar

Wani labari da na karanta ya ce ƙananan hukumomin Ingila na tallafa wa 'yan haya da masu gidaje baki ɗaya, amma bai ambaci cewa daga Afrilun 2020 zuwa Afrilun 2024 ba a ƙara ko sisi a kan ma'aunin tallafin haya ba, alhali kuɗin haya na ta hauhawa. Maƙwabciyata mai yara uku daga kuɗin cefane take cike giɓin, kuma shekararta huɗu ke nan tana jiran gidan hukuma. Ga mai cewa masu gida ne ke more tallafin, a tsarin tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi da ake kira Universal Credit kuɗin yawanci hannun ɗan haya yake shiga, kuma galibi sai bashin wata biyu ya taru kafin mai gida ya nemi a biya shi kai tsaye. To, wa aka sauƙaƙa wa?