Me za ka kai majalisar?

Ƴan'uwana matasa, kullum kukanmu shi ne dattawa sun hana mu kujera. Akwai gaskiya a ciki. Amma duk wanda ya kawo mini fastarsa sai na tambaye shi: me ka iya? Sau da yawa amsar ba ta wuce sunan ubangida ba, abin kuwa yana ci mini rai.

Ku ji labarin William Owen Bush. An haife shi a Missouri ta Amurka a 1832. Mahaifinsa, George Bush, baƙar fata ne. A 1844 suka ɗora kayansu a keken shanu suka nufi yamma, da suka isa Oregon suka tarar doka ta hana baƙar fata zama. Suka haye kogin Columbia zuwa arewa, suka sare daji a 1845 kusa da Tumwater, wani gari a yankin da daga baya ya zama jihar Washington. Ko gonar da suka share da hannunsu, sai a 1855 majalisar ƙasa ta yi doka ta musamman kafin ta tabbatar wa uban da eka 640 ɗinsa.

A gonar nan Owen ya tsufa. Shekara da shekaru yana zaɓen iri, yana gwada alkama, har hatsinsa ya ci lambar yabo a babban baje kolin Filadelfiya a 1876. Ku lura, a ƙasar da aka taɓa yi wa iyalinsa iyaka saboda launin fata, zangarniyarsa ce ta yi masa magana.

Da Washington ta zama jiha a 1889, mutanen gundumarsu ta Thurston suka tura shi majalisar dokoki ta farko, yana da shekara 57. Bai je ɗumama kujera ba. Ya tsaya kan dokar da ta kafa kwalejin aikin gona a 1890, wadda a yau ita ce Jami'ar Jihar Washington da ke Pullman. Ya san inda ke yi wa manomi ciwo, don shi ma nan ke yi masa.

Ban ce ku jira furfura ba, Allah ya sani. Amma gonar gado tana can ta zama saura, kai kana birni kana rakiyar ɗan takara don kuɗin mai. Ranar da aka kawo maganar taki ko bashin manoma a zauren majalisa, da wane baki za ka yi magana? Damina ta kusa, ɗan'uwa. Je ka duba gonar nan.