Rigimar masoya Star Wars: kimiyya ake nema ko cika alkawari?

Akwai wata kalma guda da masoya finafinan Star Wars suka shafe shekara 41 suna musu a kanta. A fim na farko da ya fito a 1977, matuƙin kumbo Han Solo ya bugi ƙirji ya ce kumbonsa ya ratsa hanyar Kessel cikin ƙasa da fasek 12. Sai dai fasek ba lokaci yake aunawa ba, nisa yake aunawa: tazarar da haske ke ci a shekara 3 da 'yan watanni. Kamar direba ne a tasha ya ce maka motarsa ta fi ta kowa gudu domin ya je Kaduna daga Kano cikin kilomita 150. Wasu suka ce marubuci ne ya yi tuntuɓe, wasu suka ce Han cika baki yake yi don ya ruɗi baƙi. Sai a 2018 fim ɗin Solo ya raba gardamar, ya nuna cewa yanke ya yi ta wani wuri mai haɗari da sauran matuƙa ke kewayewa.

Ba na cikin masu cewa irin wannan musu ɓata lokaci ne. Wanda bai damu da abu ba ba ya ƙirga kurakuransa. Amma na lura ana cakuɗa tambayoyi biyu da ba su da haɗi: shin abin da fim ya nuna zai yiwu a kimiyyance, da kuma shin labarin ya tsaya a kan dokokin da ya shimfiɗa wa kansa. Ta farko tana da daɗin tattaunawa. Ta biyu ce ke ɗaga labari ko ta kayar da shi.

Idan da ma'aunin kimiyya za a ɗora Star Wars, da tun a mintin farko ya faɗi. Babu iska a sararin samaniya, don haka ƙara ba ta da abin da za ta bi, amma muna jin rugugin kumbuna da fashewar bama-bamai. Ƙananan kumbunan yaƙi suna karkata suna juyi kamar jiragen da iska ke riƙe da fikafikansu, kuma ba a ɓoye dalili ba: George Lucas, wanda ya ƙirƙiri Star Wars, ya yi amfani da hotunan faɗan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu wajen tsara yaƙe-yaƙen. Haske ba ya tafiya kamu biyu ya tsaya cak, balle ya kara da wani hasken kamar ƙarfe da ƙarfe, amma ga takobin haske a hannun kowane Jedi, wato mayaƙan da ke kare adalci a labarin. Haske na gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa, duk da haka sai ya yi fiye da shekara 4 kafin ya iso mana daga tauraro mafi kusa da rana. Su kuwa jaruman fim suna tsallake tarin taurari kamar mai zuwa cin kasuwar ƙauyen gaba.

Duk wannan bai taɓa damuna ba, domin fim ɗin bai yi mana alkawarin darasin kimiyya ba. Rubutun da yake buɗewa da shi cewa yake abin ya faru ne tun da daɗewa, a can wani tarin taurari mai nisan gaske. Wannan ita ce "ga ta nan, ga ta nanku" tasu. Yaron da ya amsa "ta zo mu ji ta" ya riga ya yarda Gizo zai yi magana, kura za ta je fada. Ba zai tambayi kaka yadda aka yi dabba ta iya Hausa ba. Amma ta kuskura ta mai da Gizo mai gaskiya da riƙon amana ba tare da wani dalili ba, nan take yara za su ce ba haka ake yi ba. Ba ilimin dabbobi suke karewa ba, halin Gizo suke karewa.

Wani lokacin ma kimiyya ce ke biyo bayan labari. Shekaru aka yi ana kallon faɗuwar rana biyu a duniyar Tatooine ta cikin fim ɗin a matsayin ƙawa kawai, sai a 2011 masana masu aiki da na'urar Kepler ta hukumar NASA suka sanar da gano Kepler-16b, duniyar da ke zagaya taurari biyu. (A nan nahiyarmu aka ɗauki hotunan Tatooine ɗin, a kudancin Tunisiya, sunan ma daga garin Tataouine aka samo shi.) Yaron da ya fara da tambayar ko rana biyu za ta yiwu, ya ƙare da karanta yadda ake gano duniyoyi masu nisa, ya ci riba.

Inda nake bayan masu ƙorafi ɗari bisa ɗari shi ne abin da ya faru a The Last Jedi na 2017. Kwamanda Holdo ta juya kumbonta ta afka wa rundunar abokan gaba da gudun da ya wuce na haske, ta tsarge babban kumbonsu gida biyu. Hoton ya yi kyau matuƙa, har da shirun da aka saka a daidai lokacin. Amma da mutum ya fito daga sinima sai tambaya ta taso: in dai haka na yiwuwa, me ya sa a fim ɗin 1977 matuƙa suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya wajen neman jefa bam cikin ɗan ƙaramin ramin Death Star, katafariyar tashar yaƙin abokan gaba? Me ya hana a ɗauki tsohon kumbo a ɗora masa mutum-mutumi a aika? Wannan ba tambayar kimiyya ba ce. Tambaya ce ta ko sadaukarwar da aka sa muka yi wa ƙwalla tana da ma'ana. Masu fim ɗin da ya biyo baya a 2019 sun ji zafin sukar, har suka saka wa wani jarumi a baki cewa dabarar sa'a ce ta ɗaya cikin miliyan. Faci ne, kuma ana ganin ɗinkin.

Hujja mafi ƙarfi cewa ba kimiyya masoya ke nema ba ta zo tun 1999. A The Phantom Menace aka ɗebi jinin yaro Anakin aka auna, aka ce wasu ƙananan halittu da ke cikin ƙwayoyin jiki, midikloriyan, su ke nuna ƙarfin alaƙar mutum da Force, wato ɓoyayyen ikon da Jedi ke aiki da shi. Ga bayani mai kama da na ɗakin gwaji an kawo, amma maimakon murna sai mutane da yawa suka fusata, don an mai da abin da suka ɗauka na ruhi da tarbiyya ya koma sakamakon gwajin jini. Haka a 1997, da Lucas ya gyara fim na farko ya sa Greedo, mutumin da ya tsare Han da bindiga, ya fara harbi kafin Han, alhali a asalin fim ɗin Han ne ya harbe shi tun bai harba ba. Daƙiƙa guda ce aka taɓa, amma ta sauya mutumin: ɗan fasa-ƙwauri marar tausayi da ya gyaru daga baya ya koma mai kare kansa tun farko.

Sai maganar kanon, wato jerin labaran da aka amince su ne sahihai. Kalmar daga coci aka aro ta, inda take nufin littattafan da aka yarda da su. A 2012 Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ke yin Star Wars, a kan dala biliyan 4 da ɗoriya. A watan Afrilun 2014 aka sanar cewa littattafai da labaran zane da wasannin kwamfuta na shekaru da dama sun fita daga kanon, aka laƙaba musu suna Legends. Auren jarumin fim Luke da Mara Jade, 'ya'ya uku na Han da Leia, mutuwar Chewbacca, abokin Han, a wani littafi na 1999, duk suka zama kamar ba a yi ba. Na fahimci kamfanin: ba mai shirya fim da zai yarda a ɗaure masa hannu da ɗaruruwan littattafan da yawancin 'yan kallo ba su karanta ba. Na kuma fahimci wanda ya ba da kuɗinsa da ƙuruciyarsa ga waɗannan littattafai.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne masoya su miƙa wa kamfani alƙalancin abin da ke da daraja. Hatimin kanon shawara ce ta kasuwanci, ana bugawa ana gogewa. Thrawn, kwamandan da Timothy Zahn ya ƙirƙira a littafinsa na 1991, an fitar da shi a 2014, aka dawo da shi a 2016 cikin shirin Rebels domin mutane sun ƙi mantawa da shi. Littafin bai rage daɗi ba a shekara biyun da Thrawn ya yi a waje.

Akwai kuma iyakar da wasu suka tsallake, abin da ke ɓata min rai ƙwarai. Kelly Marie Tran, wadda ta fito a The Last Jedi, ta goge hotunanta na Instagram a 2018 bayan watanni ana zaginta, har da gorin launin fata da na jinsi. Ba ita ta rubuta labarin ba, aiki aka ba ta ta yi. A shekarar ce kuma Ahmed Best, wanda ya taka rawar Jar Jar Binks a The Phantom Menace, ya bayyana cewa tsangwamar da ya sha bayan 1999 ta kai shi ga tunanin kashe kansa. Mai jayayya a kan fasek ko dabarar Holdo yana magana ne da labari, kuma labari na iya ɗaukar suka kowace iri. Mai bin ɗan wasa da zagi har shafinsa ya bar batun kanon tuntuni. A 2023 aka dawo da Best cikin shirin The Mandalorian a matsayin Kelleran Beq, Jedin da ya ceci jariri Grogu ranar da aka far wa haikalinsu, kuma da yawa daga masu kallo suka tarbe shi da yabo, shekara 24 bayan abin da aka yi masa.