Masu ƙera bindiga ba sa jin ƙararta

A Birtaniya, inda nake zaune, sai mutum ya yi shekaru bai ga bindiga da idonsa ba in ba a filin jirgi ko ƙofar majalisa ba. Galibin 'yan sandan da ke sintiri ba sa riƙe ta. Tun da wani ya kutsa makarantar firamare ta Dunblane a Scotland a 1996 ya harbe yara 16 da malamarsu, iyaye suka tashi haiƙan da tattara sa hannu, kafin ƙarshen 1997 an haramta wa farar hula mallakar fistol a kusan duk faɗin ƙasar. Hari ɗaya aka yi musu suka canza doka.

Amma ƙasar nan da ke tsoron bindiga a gida tana cikin goman farko na masu sayar da makamai a duniya. Duk shekara biyu, a watan Satumba, ana baje kolin makamai na DSEI a Landan, janar-janar da ministoci su zo daga ƙasashe daban-daban, ciki har da waɗanda jaridun nan ke caccaka kan take haƙƙin ɗan'adam. Ma'aikacin kamfanin ƙera makamai na BAE Systems yana tashi aiki ya ɗauko 'ya'yansa daga makaranta hankali kwance. Ba mugun mutum ba ne. Abin da ya ƙera ne kawai ba zai taɓa fashewa a unguwarsu ba.

Cibiyar SIPRI da ke Stockholm, mai bincike kan makamai da zaman lafiya, ta ce a 2024 duniya ta kashe sama da dala tiriliyan 2.7 kan harkar soja. Daga 2020 zuwa 2024 Amurka kaɗai ta fitar da kashi 43 cikin ɗari na manyan makaman da aka yi cinikinsu tsakanin ƙasashe, Faransa na biye, sannan Rasha. Duka ukun suna da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato su ne aka ɗora wa alhakin tsaron zaman lafiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne akwai talakawan gari da suka san yadda ake ba da lasisin fitar da makami, kuma suna bin sawunsa. Ƙungiyar Campaign Against Arms Trade, mai adawa da cinikin makamai, ta maka gwamnatin Birtaniya a kotu kan makaman da ake sayar wa Saudiyya alhali ana ruwan bama-bamai a Yaman. Lokacin ba a manta da motar 'yan makaranta da aka jefa wa bam a Dahyan a watan Agustan 2018 ba, inda yara kimanin 40 suka mutu, aka kuma gano bam ɗin ƙirar Amurka ne. A watan Yunin 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce gwamnati ta saɓa doka, domin ba ta tsaya ta tantance ko an keta dokokin yaƙi a hare-haren baya ba. Shekara na zagayowa gwamnati ta ce ta sake dubawa, aka ci gaba da ciniki. Wani zai ce wahalar banza aka yi. Ni ban ga haka ba, tunda an tilasta wa minista ya kare sa hannunsa a gaban alƙali.

Irin wannan nacin ne ya haifar da yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya. Amnesty International da Oxfam da IANSA, gamayyar ƙungiyoyi masu yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai, suka fara gangamin Control Arms a 2003, sai ranar 2 ga Afrilun 2013 ƙasashe 154 suka amince da ita a Majalisar Ɗinkin Duniya, Iran da Siriya da Koriya ta Arewa suka ƙi. Ta fara aiki a Disambar 2014. Amurka ta sa hannu amma majalisarta ba ta tabbatar ba, a 2019 ma Trump ya ce ya janye. Rasha ba ta ciki. Najeriya kuwa ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da ita. Mutum nawa a cikinmu suka san haka?

A wajenmu, inda harsashin ke sauka, daga Zamfara zuwa Tillaberi da Diffa, maganar takan tsaya ne a kan "wa ke ɗaukar nauyinsu?", daga nan a ɗora wa Turawa laifi, a watse. Laifinsu na nan. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 rumbunan makaman Libiya suka zama na kowa, a 2012 arewacin Mali ya kama da wuta. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu bincike na Conflict Armament Research, da ke bin lambobin jikin bindigogin da aka kama, sun wallafa rahoto a 2020 kan rikicin makiyaya da manoma, suka nuna cewa ban da na Libiya da Kwaddibuwa da Turkiyya, akwai makaman da suka fito daga rumbunan jami'an tsaron Najeriya. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce bindigogin 'yan sanda 178,459 ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Rundunar ta yi jayayya da lissafin. To, a fito da littafin rumbun a gani mana. Da a nan ne, da wani ya rasa kujerarsa kafin sati ya ƙare.

Ba cewa nake kada sojoji su sayi makami ba. Wanda aka sace wa 'ya'ya a makarantar kwana ba zai saurari wannan wa'azin ba, kuma yana da gaskiya. Sai dai mutanen Tudun Biri da jirgi maras matuƙi na soja ya hallaka a taron Mauludi a Disambar 2023 ma 'yan ƙasa ne, kuma da kuɗin ƙasa aka sayo abin da ya kashe su.

Inda na fi ganin sakacinmu shi ne harsashi. AK-47 tana iya yin shekara 30 ko fiye tana aiki, ta bi hannu goma, da wuya a kwashe waɗanda suka riga suka shiga daji. Harsashi kuwa ƙarewa yake yi, kuma ɗan bindiga ba ya ƙera shi a dajin Rugu. Duk wanda ya buɗe wa ƙauye wuta a daren jiya, akwai wanda ya kai masa kaya a 'yan kwanakin nan, ta wata hanya mai shingen bincike. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta haɗa har da harsasai, ta kuma hana shigo da su sai da izini na musamman, amma ga shi Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, iyakokin da aka fi safarar suna tsakaninsu da maƙwabta.

Yarjejeniyar 2013 ta wajabta wa duk ƙasar da ke cikinta miƙa rahoton makaman da ta saya da waɗanda ta sayar kafin ranar 31 ga Mayu kowace shekara. Ina son in ga ɗan majalisa ɗaya daga Arewa maso Yamma ya miƙe ya nemi a karanto na Najeriya, in ga lauyoyinmu da ƙungiyoyin mata da malamai sun shigar da ƙara kan bindigogin nan 88,078, a ce kowace runduna ta bayyana harsashi nawa ta karɓa, nawa ta harba, nawa ya rage.