Daga Johor zuwa Jibiya: yadda maƙwabta ke biyan juna kuɗi

Gadar da ta haɗa birnin Johor Bahru na Malesiya da tsibirin Singafo tsawonta kilomita ɗaya ne da 'yan kai, an buɗe ta tun 1924. Mutum wajen dubu 300 ke tsallaka ta kowace rana. Tun kafin assalatu masu babura ke yin dafifi a bakinta, 'yan Malesiya ne da ke kwana a gida suna aiki a Singafo, saboda dalar Singafo ɗaya ta haura ringgit 3, wato kuɗin Malesiya. Ranar Asabar kuma sai abin ya juya, 'yan Singafo su kwararo Johor su yi cefane, su yi aski, su ga likitan haƙori a kan araha. Duk Bahaushen da ya taɓa tsayawa a Jibiya ko Illela ko Maigatari ranar kasuwa ba zai ga baƙon abu a nan ba: gefe ɗaya kuɗinsa ya fi ƙarfi, ɗaya gefen kayansa sun fi sauƙi, mutanen kuma dangin juna ne. Inda muka rabu da su shi ne wajen yadda kuɗin ke tsallaka iyaka.

Mu da ke zaune a wannan yanki na kudu maso gabashin Asiya mukan ji 'yan uwa a gida na cewa ai ƙasashen yankin sun ci gaba ne saboda suna ƙaunar juna. Mai faɗin haka bai zauna da su ba. Indunusiya ta yi fito-na-fito da Malesiya daga 1963 zuwa 1966, har da zubar da jini. Singafo baram-baram ta rabu da Malesiya a watan Agustan 1965. Har gobe ana tsamar miya a kan ruwan sha, domin Singafo na ɗiban ruwan kogin Johor bisa yarjejeniyar 1962, galan dubu a kan sen 3 kacal (sen ɗari ne ringgit ɗaya), kuma yarjejeniyar sai 2061 za ta ƙare. Tsohon firaministan Malesiya Mahathir Mohamad ya sha cewa wannan farashi ba ya kan hankali. A watan Yunin 2022 Malesiya ta hana fitar da kaji, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na kajin da Singafo ke ci daga can suke zuwa. Da duk wannan, ko lokacin korona da aka hana mutane tsallaka gadar na kusan shekara biyu, motocin abinci ba su daina wucewa ba. Mu kuwa Najeriya ta garƙame iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake garƙame ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har da yanke wuta, kayan gwari suka ruɓe a kan motoci. Su idan sun yi faɗa sukan bar wa mai tireda hanyarsa, mu da shi ake farawa.

Ga yadda biyan kuɗin yake a aikace. Kowace ƙasa ta fara da gyara gidanta, ta haɗe lambobin QR na bankuna da kamfanonin asusun waya wuri guda, wato wannan hoto mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya. Na Tailan sunansa PromptPay, na Malesiya DuitNow, na Indunusiya QRIS wanda aka ƙaddamar a 2019, Singafo kuma tana da PayNow da NETS. Bayan nan ne aka shiga ɗaure su biyu-biyu: Malesiya da Tailan a 2021, Indunusiya da Tailan a 2022, Malesiya da Singafo a Maris ɗin 2023, Indunusiya da Malesiya a Mayun 2023.

A ce ɗan Singafo ya ci abincin ringgit 12 a wata rumfa a Johor. Zai buɗe manhajar bankinsa ta gida, ya haska lambar da ke manne a teburin mai abinci, ya rubuta 12. Wayar za ta nuna masa nawa ke nan a dalar Singafo, da farashin canjin da aka yi amfani da shi, ya amince da lambar sirri ko yatsa. Saƙon ya bi ta cibiyar biyan kuɗi ta ƙasarsa zuwa PayNet ta Malesiya, cikin 'yan daƙiƙoƙi mai abinci ya ga alat na ringgit 12. Ita mai abincin ba ta buɗe sabon asusu ba, ba ta sayi na'ura ba, ba ruwanta da canji. A bayan fage akwai bankunan da aka naɗa a kowane ɓangare, su ke riƙe da kuɗin ƙasashen biyu suna daidaita lissafi tsakaninsu, ba tare da an bi ta dalar Amurka ba.

Abin yana da nasa cikas, kuma ya kamata mai sha'awar kwaikwayonsa ya san su. Wanda ya fi yawa shi ne masu ƙananan rumfuna da dama lambar asusunsu na kashin kai suke mannawa, ba ta ɗan kasuwa mai rajista ba. Ɗan gida zai biya lafiya lau, baƙo ya haska ta ƙi, a tsaya ana kallon-kallo, ƙarshe a koma tsabar kuɗi. Sannan ba kowane banki ne ya shiga tsarin ba, sai ka ga abokai biyu daga gari ɗaya, wayar ɗaya ta biya ta ɗayan ta ƙi. Ribar canjin a cikin farashin take, ba a ware ta daban, don haka wanda bai kwatanta da na 'yan canji ba zai zaci kyauta aka yi masa. Idan kuma lambar irin ta takarda ce wadda kai za ka rubuta adadi, ka yi kuskure ka sa 120 a madadin 12, dawo da kuɗin aiki ne ja, mafi sauƙi mai shago ya ba ka canjinka a hannu. 'Yan damfara ma ba a bar su a baya ba, sukan manna tasu lambar a kan ta mai shago. Maganin wannan ɗaya ne: a karanta sunan da wayar ta nuna kafin a danna, a tambayi mai shagon ko nasa ne.

Tura kuɗi daga mutum zuwa mutum kuma hanyarsa daban. Singafo da Tailan ne suka fara a Afrilun 2021, Singafo da Malesiya suka biyo baya a Nuwamban 2023. Lambar wayar mai karɓa kawai ake buƙata. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ƙanƙantar iyakar da aka sa: dalar Singafo 1,000 ko ringgit 3,000 a rana. Da gangan aka yi haka. Wannan adadi ya ishi lebura ya aika wa iyayensa, ya biya haya da kuɗin makaranta, amma bai ishi mai safarar kuɗin haram ba. Manyan 'yan kasuwa an yi musu tasu ƙofar tun 2016, lokacin da Malesiya da Tailan suka amince a riƙa biyan kuɗin kaya da ringgit da baht, kuɗin Tailan, kai tsaye, Indunusiya ta shigo daga baya. Babu wanda ya jira kuɗin bai-ɗaya. Mu muna nan muna jiran Eco, kuɗin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda aka ɗage har an gaji da ƙirga, yanzu an ce sai 2027, ga shi Nijar ma ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025.

Kada a ce ba mu da namu tsarin. Muna da shi, ya kuma girmi nasu. Ɗan kasuwa a Maraɗi zai miƙa wa ɗan canji sefa, shi kuma ya buga wa abokin hulɗarsa a Wapa waya, kafin a sha shayi an tura naira asusun dila a Dawanau ko Kantin Kwari. Amana ce ke riƙe da shi, kuma yana aiki ko iyaka a rufe take. Sai dai mai jaka goma ba ya samun farashin da mai miliyan goma ke samu. Idan aka samu saɓani babu takardar da alƙali zai karɓa. Dila na iya wayar gari an rufe masa asusu saboda kuɗin da suka shigo sun biyo ta hannun wanda ake bincike. A ƙarshe kuma dole wani ya ɗauki tsabar kuɗi a mota don a daidaita lissafi, a hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki.

A cikin gida Najeriya ba ta bayan Malesiya wajen tura kuɗi nan take, tun 2011 muke da shi, yau ga mai POS a kowace kwana, ga OPay da Moniepoint a hannun mai shayi. Nijar na da kamfanonin tura kuɗi Nita da Amana. Saboda haka matsalar ba ta na'ura ba ce, ta farashin canji ce. Ringgit da baht da dalar Singafo farashinsu na banki da na titi kusan ɗaya ne, shi ya sa mutum ke yarda waya ta canza masa. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a kasuwa kuwa ta haura 700. Da an ɗaura naira da sefa a kan farashin hukuma a lokacin, da rana ɗaya ta isa a kwashe asusun bankin da aka naɗa, kowa ya saya da araha a waya ya sayar a Wapa. Duk tsarin da zai ba da farashin da ya gaza na ɗan canji, ba mai waiwayarsa. An ƙaddamar da PAPSS, tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka, a Accra a Janairun 2022 don irin wannan buƙata, amma har yanzu bai sauko kan teburin mai sayar da wake ba.

Man fetur ma abin dubawa ne a taƙaice. Malesiya na sa tallafi a kan mai samfurin RON95, don haka tun 2010 ta hana a zuba shi a motar da ke da lambar wata ƙasa. Singafo kuma ta wajabta wa motocinta su fita da aƙalla kashi uku cikin huɗu na tanki a cike, ana duba allon mai a bakin iyaka, ana cin tara. Doka ce da ta nufi mota. Tamu ta 2019 ta hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, aka hukunta garuruwa sukutum, 'yan bumburutu suka ci kasuwarsu.

Akwai ɓangaren da ba na fatan mu kwaso yadda yake, wato bashin saye. Wayar da ta sauƙaƙa biya ita ce ta sauƙaƙa ci da bashi. Kamfanoni irin su Atome da Grab da Shopee suna aiki a ƙasashen nan da tsarin karɓi yanzu ka biya daga baya. Wayar ringgit 1,200, a ce, ka ba da 400 a take, 400 bayan wata ɗaya, 400 bayan wata biyu, babu ruwa a kai, mai shago ne ke biyan kamfanin la'ada. A ido abin ba laifi. Inda ake faɗawa rami shi ne tarar jinkiri, da kuma tara bashi: matashi ya ɗauka a manhaja uku ko huɗu, kowace ba ta san da ta ɗayar ba, albashi ya shigo ranar 25 ya ƙare ranar 26. Ga shi dama bashin da ke kan magidanta a Malesiya ya haura kashi 80 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, na Tailan ya kusa 90. Indunusiya ta sha fama da masu ba da bashi ta intanet marasa lasisi, waɗanda suke kira pinjol ilegal, masu kwashe lambobin wayar mutum su bi danginsa da cin mutunci. Wannan mun san shi sarai a Najeriya. Singafo ta sa ƙa'ida cewa bashin mutum a kamfani ɗaya ba zai wuce dalar Singafo 2,000 ba sai an binciki ƙarfinsa, Malesiya kuwa sai a 2025 majalisarta ta zartar da dokar da ta shigo da waɗannan kamfanoni ƙarƙashin hukuma. Abin da ya cancanci ɗauka a wajen Malesiya shi ne AKPK, ofishin da babban bankinta ya kafa a 2006, inda wanda bashi ya yi wa katutu zai je a zauna da bankunansa a sake tsara masa biya kyauta, da kuma Ar-Rahnu, jinginar zinare bisa tsarin Musulunci, wadda mata masu ƙananan sana'o'i ke samun jari da ita ba tare da sun sayar da sarƙarsu ba.

Ta fuskar al'ada mun fi su kusanci. Bakatsine da Bamaraɗe ba sa buƙatar tafinta, sarautarsu ma tushe ɗaya ce. Su kuwa sun sha cacar baki a kan wa ya mallaki batik, wa ya mallaki wane abinci. Daga baya suka gane haɗa hannu ya fi riba: Indunusiya da Malesiya suka shigar da waƙar pantun cikin kundin UNESCO tare a 2020, sannan a Disamban 2024 ƙasashe biyar suka shigar da rigar mata ta kebaya da sunansu gaba ɗaya. A wannan zaman ne aka shigar da hawan sallar Kano, da sunan Najeriya ita kaɗai, alhali Damagaram ma ana hawa. Irin wannan zumunci kuɗi yake kawowa, asibitocin Pinang ta Malesiya cike suke da marasa lafiya daga Medan ta Indunusiya, 'yan Malesiya kuma na cika garin Hat Yai na Tailan duk hutu, kowa na biya da wayarsa.

Layin dogo mai kilomita 4 da ake ginawa daga Johor Bahru zuwa Woodlands a Singafo an tsara shi ya ɗauki mutum dubu 10 a awa ɗaya ta kowane ɓangare, kuma zai tarar da hanyar biyan kuɗi a shirye. Namu na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, an aza harsashinsa a 2021. Kafin ya iso, abin da ake buƙata bai kai shimfiɗa dogo wuya ba: Babban Bankin Najeriya da BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, su zauna, tunda sefa ta ƙasashe takwas ce, Yamai ita kaɗai ba ta iya sa hannu. A naɗa banki biyu ko uku masu rassa a ƙasashen biyu su riƙe naira da sefa, a sa iyaka ƙarama a rana, a bar farashi ya bi kasuwa, a yi wa masu rumfuna rajista kyauta a Jibiya da Ɗan Isa da Illela da Ƙonni. A kuma ba 'yan canji lasisin zama wakilai a ciki, domin su ne ke da sefar, su ne kuma mutane suka yarda da su.