Kafin ka sayi na'urar gano ƙarfe, fara duba ƙasar da za ka taka

Tambayar da matasanmu suka fi yi wa masu tallar na'urar gano ƙarfe a Facebook da TikTok ita ce, zurfin mita nawa take gani? Mai talla kuwa ya san abin da kunne ke so, sai wannan ya ce biyar, wancan ya ce goma, a tura kuɗi ta waya, kaya su iso tasha. A ganina tun daga wannan tambaya ake fara asara. Na'urar da ake riƙewa a hannu, mai faifai na inci 11, idan kwabo ne ko zobe ba ta cika jiyo shi ba in ya wuce santimita 25 zuwa 30 a cikin ƙasa. Babban abu irin tukunyar ƙarfe ana iya jiyo shi a mita guda ko sama da haka kaɗan. Tsakanin na'urar dala 300 da ta dala 900, bambancin zurfi a kan kwabo ɗaya 'yan santimita ne kawai.

Abin da ya kamata mutumin Sakkwato ya tambaya shi ne yadda na'urar ke yi da irin ƙasarmu. Faifan da ke ƙasan sandar yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, in ya ci karo da ƙarfe sai ƙarfen ya maido da amsa, na'ura ta yi ƙara. To amma marmara da jar ƙasa da baƙar tsakuwar nan da ta lulluɓe tuddan Dange da Kalambaina cike suke da sinadarin ƙarfe, su ma suna maido da tasu amsa. Na'urar da ba ta iya kawar da kai daga amsar ƙasa ba za ta yi ta kuka a inda babu komai, mai ita ya yi ta haƙa a banza har ya gaji, ko kuma ya rage mata ƙarfi don ta yi shiru, zurfin da ya saye ta dominsa ya tafi. Shi ya sa abu na farko da nake dubawa shi ne ko tana da maɓallin daidaita ta da ƙasa, wanda mutum zai danna ya ɗaga faifai ya sauke 'yan lokuta har ta saba da wurin. Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Yashin Illela da Gada daban, lakar fadamar Rima daban, tudu mai marmara daban, kuma mutum na iya taka biyu daga cikinsu a yini ɗaya.

A nan ne nake da ja da masu cewa sabon shiga ya fara da Garrett Ace. Kamfanin Garrett na Amurka tsoho ne, tun 1964 yake wannan sana'a, kuma Ace 250 da Ace 400 suna da ƙarko da sauƙin koyo, batura huɗu 'yan ƙanana suke ci, irin waɗanda ake samu a kowane teburin mai shago. Sai dai an ɗaure daidaiton ƙasarsu tun daga masana'anta, ba ka da ikon sauya shi. A yashi za su yi maka aiki, a kan marmara kuwa za ka sha wahala. AT Pro ta wannan kamfani tana da maɓallin, amma kuɗinta ya shiga wani layi.

Nokta kamfanin Turkiyya ne da ke Istanbul, kuma Simplex+ da ya fitar a 2019 ita ta sauya lissafin masu ƙaramin ƙarfi. Tana aiki a kan kilohaz 12 (ma'aunin saurin bugun maganaɗisun da faifai ke aikawa), tana daidaita ƙasa da kanta ko da hannu, nauyinta kilo 1.3, kuma ana iya nutsar da ita cikin ruwa har mita 3. Wani zai ce ina ruwanmu da ruwa a Sakkwato. Ai ƙura ce abin tsoro. Akwatin da ruwa ba ya shiga, ƙurar hunturu ma ba ta shiga, kuma duk wanda ya taɓa buɗe rediyo bayan wucewar hazo ya san abin da nake nufi. Batirinta na ciki ne, ana yi masa caji da waya irin ta USB, don haka abin ajiye cajin waya ko ƙaramar sola ta wadatar ko da an ɗauke wuta. Illarsa ita ce zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, barin irin wannan batiri a cikin mota rufe yana kashe shi da wuri, kuma sauya shi ba kamar sauya batirin tocila ba ne. Kamfanin Minelab na Ostareliya ma ya fito da kishiyarta, X-Terra Pro, a 2023, wadda ake iya zaɓar mata kilohaz 5 ko 8 ko 10 ko 15, ita ma tana daidaita ƙasa, ruwa ba ya shigarta.

Waɗannan lambobi na kilohaz ba ado ba ne. Ƙaramar lamba ta fi nutsawa, ta fi jin azurfa da tagulla masu kauri. Babbar lamba ba ta nutsawa sosai amma ta fi jin ƙananan abubuwa, irin ɗan kunnen yarinya ko siririyar sarƙa. Na'urori na sama da waɗannan suna aika lambobi da yawa a lokaci guda, abin da ke taimaka masu rarrabe ƙarfe mai daraja da tsohuwar ƙusa a ƙasa mai wahala. Equinox 800 ta Minelab, wadda ta shigo kasuwa a 2018, da Legend ta Nokta, duk suna kaiwa kilohaz 40 kuma suna da tsari na musamman don ƙwayar zinare. Vanquish ita ce ƙanwarsu mai rahusa, tana cin ƙananan batura, sai dai jerinta na farko ba su da maɓallin daidaita ƙasa kuma akwatinsu ba na shiga ruwa ba ne.

In ni aka tambaya, wanda yake son abin don sha'awa, ko don ya riƙa taimaka wa mutane gano makullin babur da ya faɗi a rairayi, ko ɗan kunnen da ya ɓace a filin biki, ko turken ƙarfen iyakar fili da ƙasa ta binne, ya sayi Simplex ko X-Terra Pro ya tsaya nan. Ragowar kuɗin ya sayi 'yar ƙaramar na'urar hannu da ake zurawa cikin rami don nuna daidai inda abu yake, da abin sa wa a kunne, da ƙaramin magirbi mai ƙwari. Wanda ya yi shekara yana fita kuma har yanzu abin bai fita ransa ba, shi ne ya cancanci Legend ko Equinox. Kunne ne rabin aikin, kuma ba a sayensa. Duk tsadar na'ura ba ta iya bambance zoben zinare da marfin gwangwanin lemo ko takardar gwangwani ta cikin kwalin sigari, domin amsarsu kusan ɗaya ce. Mai neman zobe dole ya haƙo tarkace da yawa kafin ya dace.

Na san da yawa daga masu karanta wannan ba sha'awa ce ta kawo su ba, zinare ne. Ba na ganin laifinsu. Tun da labarin zinaren Sudan ya bazu, sannan na Jado a arewacin Nijar a 2014, kowa ya ji labarin wanda ya tafi da na'ura ya dawo ya gina gida. Amma a dubi ƙasar da muke kai. Mafi yawan jihar Sakkwato tana zaune ne a kan shimfiɗar tsohon teku, shi ya sa muke da dutsen siminti a Kalambaina, shi ya sa ake tsintar ƙasusuwan halittun ruwa da suka zama dutse a kewayen Dange da Wurno. Zinare kuwa a tsofaffin duwatsun Anka da Maru da Bukkuyum da Yawuri da Birnin Gwari yake. Ko a can ma, kaso mai yawa nasa gari ne a cikin dutse, sai an fasa an niƙa an wanke, kuma na'ura ba ta jin gari, ƙwaya take ji. Wannan niƙan dutse a cikin gidaje shi ya jawo gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega da Dareta daga 2010. Ga kuma doka: kundin tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun sa duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, ko da a gonar gadonka ne, sai da lasisi ake haƙa. Halin tsaron waɗancan dazuzzuka kuwa ba sai na gaya wa kowa ba.

Wanda ya mallaki lasisi kuma ya san inda za shi, kayan aikinsa daban ne. Gold Monster 1000 mai kilohaz 45 da Gold Bug 2 ta Fisher mai kilohaz 71 an yi su don ƙananan ƙwayoyi na kusa da sama. Jerin GPX na Minelab kuwa da wata dabara suke aiki, suna harba maganaɗisu a ɗan tsakaita suna sauraron amsa, abin da ya sa marmara ba ta cika damunsu ba, kuma kuɗinsu dubban daloli ne. Su ne kuma aka fi yi wa jabu a kasuwannin Afirka. Kwali iri ɗaya, fenti iri ɗaya, cikin kuwa ba komai. Duk wanda ya kawo maka GPX sabuwa fil a kan kuɗin Simplex, ka san araha ba ta ado. Manyan kamfanonin nan suna da jerin dilolin da suka amince da su a shafukansu na intanet, duba sunan mai sayarwa a can ba ya cin minti biyar.

Wadda ta fi ƙona min rai ita ce mai eriya biyu da ake riƙewa kamar bindiga, wai tana nuna zinare daga nisan kilomita, har ta faɗi zurfinsa. Babu ilimin da ya tabbatar da wannan. Karkatar hannun mai riƙe da ita ce ke juya eriyar. A 2013 wata kotu a Ingila ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar wa ƙasashe, musamman Iraƙi, irin wannan kwanko da sunan na'urar gano bam, a kan miliyoyin daloli, aka riƙa tsare shingayen bincike da ita alhali ba ta ganin komai. In gwamnatoci sun faɗa wannan tarko, yaron da ya sayar da babur ɗinsa ya fi kusa da faɗawa.

Saura maganar inda za a taka, wadda nake ganin ta fi zaɓen na'ura nauyi a wurinmu. Sakkwato ƙasar tarihi ce. Ga kufan Surame, birnin Muhammadu Kanta na Kabi, wanda aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa tun 1964. Ga Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ga Tafkin Kwatto, ga Degel, ga Giginya inda aka gwabza da Turawa a watan Maris na 1903. Dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta hana haƙa neman kayan tarihi ba tare da izini ba, ta kuma wajabta wa wanda ya ci karo da su ya sanar. Mun riga mun yi asara irin wannan: gumakan yumɓun da duniya ta sani da sunan Sakkwato da Katsina haƙe su aka yi a ɓoye aka fitar, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ake sacewa a 2000. Kan kibiya ko harsashi ko linzamin doki in aka zare shi daga inda ya kwanta ba tare da an rubuta wurin ba, labarinsa ya tafi ke nan, ya koma ƙarfen 'yan gwangwan. Wanda ya tsinci irin wannan a gonarsa ya ɗauki hotonsa a wurin, ya kai rahoto gidan tarihi na Waziri Junaidu ko ofishin hukumar gidajen tarihi. Masu mafarkin taskar zamanin Shehu kuma su tuna cewa kuɗin wancan zamani wuri ne, na'ura ba ta jin wuri. Abin da mutum zai fi samu a tsofaffin kasuwanni shi ne anini da kwabo masu huji na zamanin Turawa, da taro da sisi da sule waɗanda naira ta maye gurbinsu a 1973, in an dace ƙwarai da dalar azurfa ta Mariya Tariza mai ɗauke da shekarar 1780.

Addini ma bai bar abin a sake ba. Zoben da ka tsinta a filin idi tsintuwa ce, akwai mai shi, kuma hukuncinta cigiya har shekara. Dukiyar da aka binne tun kafin Musulunci kuwa rikazi ce, ana fitar mata da humusi, kashi ɗaya cikin biyar. Gonar wani ba a shiga sai da yardarsa, kuma a yi maganar rabo kafin a haƙa, ba bayan an gani ba. A wannan lokaci da baƙon fuska da baƙon kaya ke tayar da hankalin ƙauye, ka fara zuwa wurin mai unguwa ko hakimi ka nuna masa na'urar ka faɗi abin da ya kawo ka. In faifai ya kai ka kan abin da ya yi kama da harsashi mai rai ko wani ƙarfe mai waya a jiki, kada ka taɓa, ka ja baya ka kira jami'an tsaro.

Ranar ciniki kuma kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da tsohon kwabo, da ɗan kunne na zinare, da ƙusa mai tsatsa, da dunƙulen marmara daga inda kake niyyar aiki. A kunna na'urar a waje, nesa da janareta da wayoyin lantarki. A binne kwabon santimita 20 ka ji ko za ta jiyo shi, a ɗora marmarar a kan ɗan kunnen ka ji ko har yanzu tana magana, a ajiye ƙusar kusa da kwabon ka ga ko za ta rarrabe su. Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, ka tambayi inda ake samun faifai in wannan ya fashe da kuma wanda zai gyara ta in ta samu matsala cikin wa'adin garanti. Mai sayarwar da ya ce sai ka biya kafin a buɗe kwali, ka bar masa kayansa ka nemi wani.